Daren da yaranmu suka karanta mana abin da suka rubuta

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Daren Asabar ɗin da ta wuce bayan isha'i na je wani zama da matasan marubuta suka haɗa a harabar wata makaranta nan cikin Katsina, can wajen Ƙofar Ƙaura. Ba wani babban taro ba ne, kujerun roba ne da tabarmi da lasifika guda ɗaya, amma wallahi tun ranar abin bai bar raina ba, shi ya sa yau sharhinmu a kanshi zai tsaya.

Kowa da sabon abin da ya rubuta ya zo. Mai waƙa ya rera, mai gajeren labari ya karanta, sai kuma masu salon nan da yaranmu ke gani a YouTube da TikTok, mutum ya tsaya ba kiɗa ba takarda yana zubo magana mai amsa-amo yana nuni da hannu. Wata ɗiya da ba za ta wuce shekara 19 ba, ta ce daga wani ƙauyen Batsari iyayenta suka taso, ta karanta waƙa kan gonar geron da babanta ya bari saboda 'yan bindiga, yadda har yau in hadari ya haɗo sai ya fito ƙofar gidan haya ya tsaya yana kallon gabas. Tana tsaka da karatu aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, mutane suka kunna fitilar waya ita kuma ta ci gaba da muryarta haka nan ba lasifika, kuma ku yarda da ni ko tari ba wanda ya yi har ta dire. Na ga dattijuwa tana share hawaye da bakin mayafi.

To inda na ɗan ji ba daɗi, wani saurayi mai hazaƙa ƙwarai ya tashi kafin ya fara nashi ya ce wai wannan salon na tsayawa a zubo magana ba kiɗa daga Amurka ya zo, Bahaushe bai san shi ba sai yanzu. Haba ɗana! Kirarin da maharbi ke yi, da na ɗan dambe in ya shigo fage, da na 'yan tauri ranar hawan sallah a Ƙofar Soro, me sunanshi? 'Yan kama fa, da ke kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya? Alhaji Mamman Shata mutumin Musawa nan take yake ƙirƙirar waƙa a gaban jama'a ba ya rubutawa, ya rasu a 1999 kabarinshi na Daura. In kuma alƙalami ake magana, garin nan ne na Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani tun ƙarni na 17, unguwar Masanawa na nan ba ta tashi ba. Gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ma, cikin waɗanda suka yi nasara akwai Abubakar Imam da yayanshi Malam Bello Kagara, dukansu Katsina ta san su, Imam a Kwalejin Katsina ya yi karatu.

Amma ni ban ga laifin yaron nan ba, wa ya zaunar da shi ya faɗa mashi? Na duba wurin nan kaf masu furfura ba mu kai biyar ba. Ina malaman Hausa da muke da su a jami'o'i da kwalejojin jihar nan, ina tsofaffin sha'irai da suka san kari da ƙafiya, wato ma'aunin waƙa da amsa-amonta, ina mu 'yan rediyo? Don gaskiya wasu waƙoƙin da aka karanta ma'ana ta yi kyau amma karin ya karye, baiti ɗaya dogo ɗaya gajere, abin da malami zai gyara a zama ɗaya da an samu mai zuwa ya saurara. Tafi kawai suke samu daga abokansu, kuma yawancin rubutun a waya yake, a WhatsApp da Facebook, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta shi ke nan aikin shekara biyu ya tafi.

Sun ce mani za su sake zama ƙarshen wata mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma na yi masu alkawari zan je da dattijai biyu da na sani masu rubuta waƙa tun kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987. Duk mai ɗakin taro ko zaure mai faɗi da wuta, don Allah ya ara masu.

Ita kuwa ɗiyar nan ta Batsari na nemi izininta da na mahaifiyarta na naɗi waƙar a wayata, za ku ji ƙarar babura a baya ku yi haƙuri da ita. Ga ta nan.