Sauya matatar ruwa a akwatin kifin da ya daɗe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka baro harkokinku kuka zo. An ce in yi magana a kan sauya matatar ruwa, wato filta, a akwatin kifin ado wanda ya riga ya zauna, ruwansa garau, kifayensa lafiya lau. Zan fara da abin da ya same ni, don har yau in na tuna raina yana sosuwa.

Ina da akwati mai cin lita 120, ya shekara biyu ko kifi ɗaya bai mutu a cikinsa ba. Sai tsohuwar matatar ta fara ƙara da dare. Na sayo sabuwa babba, na zare tsohuwar da sosonta da ya yi baƙi, na jefa a bola. A kwana na uku ruwa ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga madara, kifaye suka taso sama suna haki. Kafin mako ya zagayo na kwashe gawa bakwai. Ba cuta ce ta shigo ba. Wannan baƙin soson da na raina, shi ke riƙe da ransu.

Jama'a, mu mun ɗauki matata inji ce mai tare datti. Tana tarewa, amma wannan ƙaramin aikinta ne. Kifi yana fitar da amoniya ta inda yake numfashi, nan gefen kansa, sannan kashinsa da ragowar abinci in sun ruɓe su ma amoniya suke zama. Amoniya guba ce. A kogi ruwa ke tafiya da ita. A akwatin gilashi ba inda za ta. Masu ceton kifin wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, su ke juya amoniya ta koma naitirait. Ita ma naitirait guba ce: tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, shi ya sa kifi ke haki alhali ga iska a ruwan. Sai kashi na biyu su juya naitirait ta koma naitiret, wadda ba ta da kaifi sosai, kuma canjin ruwa ke rage ta. Tun wajen 1890 masanin Rasha Sergei Winogradsky ya gano wannan aiki na ƙwayoyin. An daɗe ana cewa Nitrobacter ce ke yin mataki na biyu, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa a akwatunan ruwan daɗi Nitrospira ce ke ɗauke da nauyin.

To a ina suke zaune? Ba sa yawo a cikin ruwa. Mannewa suke yi a jikin abu: tsakuwa, gilashi, ganye, amma mafi yawa a soso da duwatsun cikin matata, inda ruwa mai iska ke ratsawa dare da rana. Saboda haka wanda ya ce ai ya ajiye tsohon ruwan, bai ajiye komai ba. Kuma ba su da saurin haihuwa. Akwai ƙwayar da ke ninkuwa cikin minti 20. Waɗannan kuwa sai su ɗauki kusan kwana guda. Shi ya sa sabuwar matata ke bukatar mako 4 zuwa 6 kafin ta iya ɗaukar akwati ita kaɗai.

Hanyar da na fi amincewa da ita: ka kunna sabuwar kusa da tsohuwar, su yi aiki tare mako 4 zuwa 6, sannan ka cire tsohuwar. Akwatin zai yi cunkoso, ba kyan gani, amma ka daure. In kuma tsohuwar ta mutu ne ɗungurungum, ka ciro sosonta da duwatsunta ka cusa a cikin sabuwar. In soson bai shiga ba, sa almakashi ka yanka shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Sharaɗi biyu kawai. Kada ya bushe: ka ɗebi ruwan akwatin a bokiti ka tsoma shi ciki har ka gama haɗa injin. Kuma kada ruwan famfo ya taɓa shi, don kilorin da ake sa wa ruwan sha domin kashe ƙwayoyi ba ya bambance na cuta da na amfani. In ya toshe da datti, matsa biyu ko uku a cikin ruwan bokitin ya isa.

A makonnin nan ka rage abinci zuwa rabi, kada ka ƙara sabon kifi, kada ka wanke tsakuwa. Ka sayi ruwan gwaji ka riƙa duba amoniya da naitirait kullum a makon farko; dukansu sifili ake so. Da ka ga sun motsa, canja kashi 30 cikin 100 na ruwan da wanda aka cire wa kilorin, gobe ka sake gwadawa. Ku da za ku yi aikin a bazara ku ƙara kula, domin yadda ruwa ya ƙara zafi haka amoniya ke ƙara dafi, iskar da ke cikinsa kuma tana raguwa.

Ƙarfin inji kuwa, a juya ruwan akwati sau 4 zuwa 5 a awa ya wadatar da yawancin kifaye. Masu dogon jela irin su Betta ba sa son ruwa mai fizga.

Ɗan'uwa daga baya ya miƙo takarda yana tambaya a kan ɗauke wuta. Malam, ka taɓo inda ya fi damuna, don littattafan da ake rubutawa a Turai ba su cika kula da wannan ba. Ƙwayoyin nan da iska suke rayuwa. Matatar nan mai rufi, mai kama da bokiti a ƙarƙashin teburi, in wuta ta ɗauke na sa'o'i da yawa iskar cikinta ƙarewa take yi, ƙwayoyi su fara mutuwa, ruwan ciki ya ruɓe. Da an dawo da wuta sai injin ya amayo wannan ruwan cikin akwati. In wuta ta kwana ba ta dawo ba, ka zare filogin, ka buɗe murfin ka shinshina. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, zubar da ruwan, ka ɗauraye soson da ruwan akwati kafin ka kunna. Saboda haka ni ban yarda mutum a garuruwanmu ya dogara da irin wannan matata ita kaɗai ba, komai tsadarta. Ka bar ƙaramar matatar soso a kusurwa, mai aiki da famfon iska. Wutar da take ci kaɗan ce, akwai ma famfon da ke aiki da batir, kuma soson yana tsakiyar ruwan akwati, ba a kulle a gwangwani ba. Duk ranar da babbar ta lalace, ko za ka sake sauyawa, kana da iri a hannu.

Na ga hannun Hajiya a sama. Bismillah, muna saurare.