Sharhi: In Ma'aikaci Ya Ji Ciwo a Kwaleji, a Rubuta

Assalamu alaikum jama'a masu saurarenmu, na cikin birni da na Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru har Wusasa. Sharhin yau raina a ɓace zan yi shi, gara in faɗa muku tun da farko, don abin da na gani da idona shekaranjiya har yanzu bai bar min zuciya ba.

Akwai wani dattijo a layinmu, masallaci ɗaya muke sallah, kafinta ne a sashen gyare-gyare na wata kwaleji a nan garin Zariya. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama sunan makarantar ba. Wata biyar da suka wuce aka ce ya hau ya gyara silin wani aji da ruwan sama ya lalata, a yi sauri kafin ɗalibai su shiga jarabawa. Tsanin da aka ba shi na katako ne, ƙafa ɗaya ta daɗe da tsagewa an ɗaure ta da waya ana ta lallaɓawa. Yana sama da guduma a hannu ƙafar ta ƙarasa karyewa, ya faɗo a kan hannunsa na dama, wuyan hannun ya karye. Ogansu ya zo da gudu, ya yi masa sannu, ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya ba shi, aka tare Keke Napep aka kai shi gida, daga gida sai wurin mai ɗori. A nan maganar ta tsaya.

Shekaranjiya bayan Magariba ya miƙo min hannu mu gaisa, sai na ji yatsu uku a sandare, ba sa naɗewa. Carbinsa ma ya koma hannun hagu. Na ce, "Baba, wannan hannun fa? Ranar da abin ya faru an rubuta kuwa?" Ya dube ni ya ce, "Malam, a rubuta me? Ai tsautsayi ne, kuma wallahi oga ya yi ƙoƙari." Na ce to kilinik ɗin makaranta fa, kun je? Ya ce a'a. An ɗauki hoton ƙashin a asibiti? A'a. Akwai wata takarda ko da guda ɗaya a fayil ɗinka da ta ce ranar kaza, a aji kaza, ka faɗo daga tsani kana bakin aiki? Babu.

To jama'a kun ji inda gizo ke saƙar. Kafinta ne, da hannun dama yake cin abinci, hannun ya tashi daga aiki, amma a wurin makarantar da ya yi wa hidima shekara da shekaru, a hukumance babu abin da ya faru. A makaranta fa, wurin da rubutu shi ne sana'a! In ɗalibi ya makara biyan kuɗin rajista akwai takarda, in an kama shi da satar amsa akwai fom da kwamiti, in kujera ta ɓata a ofis sai an rubuta rahoto an sa hannu, amma ɗan Adam ya faɗo daga tsani ya karye, an rasa wanda zai ɗauki biro. Haba jama'a.

Kuma ba wai babu doka ba ne. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta shekarar 2010, wadda shugaban ƙasa na lokacin Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ce ke kula da asusun. Dokar ta shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu, in ka ɗebe sojoji, kuma da ta zo bayanin wane ne ma'aikaci ba ta tsaya kan masu cikakkiyar takardar ɗaukar aiki ba, ta sa har da na wucin gadi da masu koyon sana'a da waɗanda muke ce wa kashuwal. Mai ba da aiki shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata, kuma haramun ne a dokar ya cire wannan kuɗin daga albashin ma'aikaci. In mutum ya nakasa gaba ɗaya ta dalilin aiki, dokar ta tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, in nakasar ba ta kai haka ba a auna gwargwadon abin da ya rasa. In rasuwa aka yi, akwai tanadi ga mata da 'ya'ya.

Amma duk wannan a rataye yake da abu ɗaya, shi ne rahoto. Ku saurara da kyau don wannan wurin shi ne ƙashin bayan maganar. Wanda ya ji ciwo, ko iyalinsa in ya rasu, su sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a faɗi suna, lokaci, wuri, da irin raunin da abin da ya jawo shi, cikin magana ta yau da kullum, ba sai da lauya ba. Ita kuma makaranta ta kai rahoto NSITF cikin kwana 7 da faruwar abin, in mutuwa ce nan take, kuma ƙin kai rahoton laifi ne a dokar. Sannan neman diyyar kanta ana shigar da shi ne cikin shekara 1. Kwana 14, kwana 7, shekara 1. In ka bari waɗannan suka wuce kana gida kana jinya kana cewa oga ya yi ƙoƙari, kai ne za ka koma kana roƙon abin da tun asali haƙƙinka ne.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa min. Wai ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, musulmi ya yi haƙuri. Wa ya ce kar a yi haƙuri? Wa ya yi jayayya da ƙaddara? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu. Kuɗi ke nan da kuka amince wa juna a kai, aka ce ku rubuta. To ina ga hannun mutum? Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Don Allah kar a fake da addini a danne haƙƙin talaka, addinin bai ce haka ba.

Wasu kuma su ce ai in aka rubuta za a ɓata sunan makaranta. Wannan ba hujja ba ce, ba zan ma daɗe a kanta ba. Makarantar da ta rubuta ta kai rahoto ta gyara tsaninta ita ce mai mutunci, kuma tsarin diyyar nan ba a gina shi kan sai an kama wani da laifi ba, abin da ake dubawa shi ne a bakin aiki ciwon ya samu mutum ko kuwa.

Wanda nake jin nauyinsa da gaske shi ne tsoro. Ƙaramin ma'aikaci, mai shara, lebura, maigadi, wanda ya san gobe ana iya ce masa kar ya dawo, in ka ce masa je ka rubuta takarda, abin da yake ji a ransa shi ne ka ce ya kai ƙarar ogansa. Yana da 'ya'ya a makaranta, ga kuɗin haya, ga buhun masara, sai ya zaɓi ya haɗiye ciwon ya yi shiru. Ni ban ga laifinsa ba wallahi. Kuma ban ce da ka rubuta yau gobe kuɗi ya shigo asusunka ba, duk wanda ya taɓa bin fayil daga ofis zuwa ofis a ƙasar nan ya san akwai jira, akwai je ka dawo. Amma shi ya sa nauyin bai kamata ya zauna a kan mai ciwo shi kaɗai ba. Mutumin da ke kwance yana murƙususu ba shi ne zai je neman fom ba. Shugaban sashen da ya tura shi aikin, shi ya kamata ya rubuta a ranar, kafin a tashi. Ogan da ya zaro kuɗi daga aljihunsa na yarda mutumin kirki ne, Allah ya saka masa, amma wannan kuɗin na tausayi ne, ya ƙare a kemis cikin kwana uku, takarda ce kawai za ta tsaya wa Baba bayan shekara goma, lokacin da ogan ya yi ritaya ko an canza masa wurin aiki.

Zariya garin makarantu ne, kowa ya sani. Ga jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga foliteknik, ga kwalejojin horar da malamai da na kiwon lafiya da cibiyoyin bincike. Dubban gidaje a garin nan da albashin makarantu ake ɗora tukunya. Mutane suna ɗauka aikin makaranta alli ne da allo, ba haɗari. To ku zagaya bayan azuzuwa ku gani. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje yana zuba asid, ɗigo ɗaya ya fallatsa masa a ido. Mai shara a kilinik ta ɗauki leda allurar da aka yi wa wani ta soke ta, wannan kuwa a cikin sa'o'i ake son a ga likita saboda cututtukan da ake ɗauka ta jini, ba maganar a bari sai gobe ba ce. Mai yankan ciyawa da damina ya taka maciji. Mai aikin wuta ya taɓa waya a zaton an ɗauke. Mai kula da janareta shekara da shekaru a cikin ƙara har kunnensa ya fara mutuwa, wannan ma dokar ta ambace shi, raunin ji ta dalilin aiki. Har haɗarin da ya samu ma'aikaci a hanya tsakanin gidansa da wurin aiki dokar ta taɓo shi, ku tuna yawan masu hawa mashin kullum safiya su bi ta Kwangila ko PZ don su kai ofis kafin takwas. Duk waɗannan, a rubuta. Ko ƙaramin yanka ne da aka sa wa filasta, a rubuta, don ƙaramin ciwo ne ke ruɓewa ya zama babba, ranar da ya zama babban kuma sai a ce maka ina shaidar cewa a nan ka samo shi.

Ɗalibai ma haka, duk da su ba ma'aikata ba ne a wannan dokar. In yaro ya yanke a injin koyon aiki ko ya ƙone a ɗakin gwaji, a shigar da shi littafi, a sanar da iyayensa.

Ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ILO, ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin haɗari da cututtukan da suka shafi aiki, shi ya sa ta ware ranar 28 ga Afrilu don tunatarwa. Amma ƙididdiga daga rahoto take fitowa, irin su Baba da ba a rubuta ba, ba sa cikin lissafin kowa, kuma hukumar da ba ta ga lissafi ba, ba za ta ware kuɗin sayen tsani ko safar hannu ko tabaran kare ido ba, cewa za ta yi ai lafiya lau ake.

Don haka ina kira ga shugabannin kwalejoji da magatakarda, abin nan ba tsada gare shi ba. Littafi ɗaya mai bango a kowane sashe da kilinik, fom shafi ɗaya da Hausa da Turanci, mutum ɗaya da kowa ya san shi ne ake kai wa, sannan a tara masu shara da leburori a faɗa musu baki da baki cewa babu wanda za a kora don ya kawo rahoton ciwo. Ƙungiyoyin ma'aikata kuma, yadda kuke tsayawa kan albashi da alawus, ku tsaya kan wannan, ku tambayi hukumar makaranta ko tana zuba kason nan na NSITF, ku nemi ganin takarda. Ku kuma ma'aikata, in abu ya faru da ɗan'uwanku, ɗaya ya riƙe shi ɗaya ya ɗauki hoton wurin da waya, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, a fara zuwa kilinik ko asibiti a karɓi kati kafin a wuce ko'ina, kuma duk takardar da kuka miƙa ku yi fotokwafi a buga muku hatimi ku ajiye a gida.

Shi Baba kwana 14 ɗinsa sun wuce tuni, amma dokar ta bar ƙofa in an tabbatar wurin aiki ya san da faruwar abin, ogansa kuwa a gabansa aka ɗaga shi daga ƙasa, sannan shekara ba ta cika ba. Jiya da dare na zauna da shi da babban ɗansa a zaure muka rubuta takardar, ya dangwala da babban yatsan hagu don na dama ba ya riƙe biro. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zai je asibiti a ɗauki hoton hannun, daga nan ya miƙa takardar. Da zan tafi na tambaye shi tsanin fa, an jefar? Ya ce a'a, an sake ɗaure ƙafar da sabuwar waya, wani yaro da aka ɗauka kashuwal ne ke hawansa yanzu. A takardar mun sa maganar tsanin a layi na biyu.