Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna a Bikin Raɗa wa Gadar Mayo Suna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamnan yankin Arewa Mai Nisa, ranka ya daɗe. Mai martaba Lamiɗo, Allah ya ja zamaninka. Magajin gari, lawanai da jauro-jauro, malamanmu, iyayenmu mata, barkanku da zuwa. A madadin Sarkin Hausawa da mutanen wannan unguwa ta gefen Marwa a nan Kamaru, muna yi wa babban baƙonmu lale marhabin.

Ranka ya daɗe, ka zo mana da rani, don haka abin da kake gani ƙarƙashin gadar nan yashi ne kawai. Yara na buga ƙwallo a ciki, masu wanki na tona rami su sami ruwa, su shanya tufafi a kan yashin. Baƙo zai iya cewa ina amfanin gada a nan? To, ya dawo a watan Agusta. Mayo, wato kogin nan da ke ƙafewa da rani, ba ya sallama. Sai a yi ruwa can kan duwatsun Mandara, mu nan ko ɗigo ba mu gani ba, kafin a ankara ya cika baki da baki, ja wur, yana tafe da itatuwa. A irin ranar nan ɗalibi ba ya zuwa makaranta, mai albasa ba ya kai buhunsa kasuwa, mai naƙuda kuwa sai dai a zauna da ita bakin gaɓa ana addu'a har ruwa ya janye.

Mun san wannan gada ba ta kai ta Ngeli da ta haɗa Kuseri da Njamena ba. Tamu ta ƙafa ce, mota ba ta hawa. Amma tsohuwar da ke tsallakawa da ƙwaryar nono ba ta da wadda ta fi ta.

Da aka zo batun suna, an ɗan ja. Wasu dattawa suka ce ba a sa wa gini sunan mai rai, a bari sai bayan ransa. Wasu suka ce yabon gwani ya zama dole, kuma gara ya ji da kunnensa. Abin da ya kashe gardamar shi ne da liman ya tuna mana ranar da tsohon sufurefenmu, wato jami'in mulkin gundumarmu, ya zo duba ɓarnar ruwa. Aka ce ya tsaya can tudu a kawo masa bayani. Ya ƙi. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya ratsa da ƙafarsa, ruwa har kwankwaso. Daga ranar bai bar takardarmu ta kwanta a aljihun tebur ba, har aka yi masa canjin wurin aiki, daga can ma yana bugo waya. Baba sufurefe, ga ka zaune, yau ka yi haƙuri da kunya.

Sai kokenmu, ranka ya daɗe, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Duk mun ga yadda gadar Palar ta nan Marwa ta karye a daminar 2020, hanyar Mora da Kuseri ta shiga wani hali. Masu ɗibar yashi sun fara matsowa kusa da ginshiƙan wannan. Muna roƙon a shata musu iyaka kafin ruwan bana. Muna kuma son fitila mai aiki da hasken rana a bakin gadar biyu, saboda masu dawowa daga gonakin masakwa da almuru. 'Yan acaɓa kuwa mun ɗauki nauyinsu da kanmu: wanda zai haye, ya sauka ya tura.

Da gangan ban ambaci sunan ba, ba zan riga ka ba. Yana can rubuce a allon da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Bismillah, ranka ya daɗe, a taso a yaye. In an gama, iyayenmu mata sun dama fura a rumfar Sarki.