Sharhi: Me hukumar kula da gasa a kasuwa take yi?

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da kaya suka yi tsada sai ka ji ana tambaya, wai ina hukumar kula da gasa take, me ya hana ta karya farashi? To, ƙayyade farashi ba ya cikin aikinta. Abin da doka ta ɗora mata shi ne ta tabbatar cewa gasa ce ta haifar da farashin da ake gani, ba wasu tsiraru ne suka shiga ɗaki suka yanke shi ba. Tun 1890 Amurka ta kafa dokar Sherman a kan haka, kuma da ita kotun ƙolin ƙasar ta raba kamfanin mai na Standard Oil gida 34 a 1911. Yau ƙasashe sama da 100 na da irin wannan doka.

Babban abin da hukumar ke farauta shi ne haɗin baki, wato kamfanonin da ya kamata su yi gogayya su yi yarjejeniya a ɓoye kan farashi, ko su raba yankuna, ko su rage kaya da gangan. A neman kwangila abin ya fi muni. Kamfanoni huɗu su shiga takara, uku su rubuta kuɗi mai yawa da gangan don na huɗu ya samu, gobe kuma layi ya zo kan wani. Masu bincike kan gane su ta ƙananan alamu: kuskuren rubutu iri ɗaya a takardun kamfanoni daban-daban, ko wanda ya faɗi takara ya dawo yana yi wa wanda ya ci aiki. A 2013 hukumar Afirka ta Kudu ta ci kamfanonin gine-gine 15 tarar rand biliyan 1.46 kan irin wannan, har da ayyukan filayen gasar cin kofin duniya ta 2010.

Sai dai tashin farashi a lokaci guda ba hujja ba ne. Idan kuɗin sufuri ya ƙaru, kowa zai ƙara ko da ba su taɓa zama tare ba, kuma kotu shaidar yarjejeniya take nema. Shi ya sa ake kai samame ofisoshi ba sanarwa, a kwashi wayoyi da kwamfutoci. Shi ya sa kuma aka fito da tsarin sassauci: wanda ya fara tona asiri a yafe masa tara gaba ɗaya. A tsarin Tarayyar Turai, na bayansa ana rage masa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, na gaba 20 zuwa 30. Wannan ne ke hana masu haɗin baki barci, domin kowa na zargin ɗan'uwansa zai riga shi. A 2016 Tarayyar Turai ta ci masu ƙera manyan motoci tarar yuro biliyan 2.93 kan haɗin bakin shekara 14, amma kamfanin MAN, ɗaya daga cikinsu, da ya fallasa bai biya komai ba.

Aiki na biyu shi ne tantance haɗewar kamfanoni. Idan cinikinsu ya kai adadin da doka ta faɗa, dole su sanar da hukuma, su jira. Tambayar farko ita ce, wace kasuwa ake magana a kai? Ana auna ta da cewa, da za a ƙara kashi 5 zuwa 10 kan farashi, masu saye za su koma wani kayan? Idan za su koma, kayan biyu kasuwarsu ɗaya. Kuskure a wannan mataki yana ɓata duk lissafin da zai biyo baya. Galibi ana amincewa, wani lokaci da sharaɗin sayar da wata masana'anta ga wani, jefi-jefi kuma a hana, kamar yadda Tarayyar Turai ta hana haɗewar kamfanonin Siemens da Alstom a harkar ƙera jiragen ƙasa a 2019.

Na uku, manyan da suka mamaye kasuwa. Girma ba laifi ba ne. Laifin shi ne karya farashi ƙasa da kuɗin da aka kashe don a kori ƙanana, ko tilasta wa dillalai kada su sayar da kayan wani.

Inda hukumomin ke tuntuɓe kuwa sananne ne. Akwai katsalandan ɗin 'yan siyasa, musamman idan kamfanin gwamnati ne ake tuhuma. Akwai tara mara zafi wadda kamfani zai biya daga ribar da ya ci ya ci gaba, ko da yake a Tarayyar Turai tara na iya kaiwa kashi 10 na cinikin kamfani a duk duniya. Sai jinkiri, wanda a ganinmu shi ne mafi illa. A Tarayyar Turai an buɗe binciken kamfanin Google kan fifita shafinsa na kwatanta farashi a 2010, aka ci shi tarar yuro biliyan 2.42 a 2017, kotun ƙolin Tarayyar ba ta kammala shari'ar ba sai a 2024.