Teburin girkin Bilki da farautar silbar da ba ta tsatsa

Auwal: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne. Ga Bilki kamar kullum, ga kuma kawunta da muka sha alkawarin kawo muku, wanda ya tsufa a sana'ar walda. Kawu, sannu da zuwa.

Kawu: Yawwa Auwalu, sannunku dai. Amma wannan "tsufa" da ka ce, a rage mata gishiri.

Bilki: Ai Kawu ni na ja maka wannan zaman. Bari in faɗa wa masu sauraro abin da ya faru. Kicin ɗina ƙarami ne, in na buɗe firji sai na matsa gefe. Sai na sa kafintan layinmu ya haɗa min ɗan teburi mai taya huɗu, tsawonsa santimita 90, faɗinsa 60, da hawa biyu a ƙasa na tukwane. In zan murza fulawar cincin sai in turo shi tsakar gida, in na gama in mayar. Komai ya yi, saura sama. Ni kuma na kafe sai silba, irin na teburan gidajen abinci.

Auwal: Sai kika tafi Ƙofar Ruwa, kasuwar ƙarfe ta Kano.

Bilki: Da ƙafata. Wata ƙawata ta ce in riƙe mayen ƙarfe, in ya manne ba mai kyau ba ne, in bai manne ba in saya ido rufe. Na ciro na jikin ƙofar firji na saka a jaka. Na sami wani falle yana sheƙi kamar madubi, na ɗora mayen ƙarfe ya zame ya faɗi. Na biya ina murna. Damina ɗaya, Kawu. Damina ɗaya tak, sai ga ɗige-ɗige ja a gefen da nake ajiye robar gishiri.

Kawu: To ai ƙawarki rabin karatun ta ba ki. Abin da muke kira silba ɗin nan, ba abu ɗaya ba ne. Asalinsa ƙarfe ne aka gauraya da wani sinadari, kuromiyom, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. Shi ne yake haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ke tare tsatsa. Ko kin karce ta, da kanta take sake rufewa. Daga nan kuma sai a rarraba shi lamba-lamba. Wanda ake so a wajen abinci shi ne 304. Kin taɓa juya cokali kika ga an rubuta 18/8?

Bilki: Na sha gani, na zaci lambar kamfani ce.

Kawu: Kuromiyom kashi 18 ke nan, nikel kashi 8. Shi mayen ƙarfe ba ya kama shi, sai dai ɗan ja kaɗan a inda aka lanƙwasa. Akwai 430, babu nikel a cikinsa, mayen ƙarfe yana manne masa ƙam, kuma duk da haka silba ne na gaske, da shi ake yin fuskar firji da jikin kukar gas da yawa. Sannan ga 201, wanda aka rage masa nikel aka cika da manganis don ya yi araha. Shi ma mayen ƙarfe ba ya kama shi. Ina kyautata zaton shi aka ba ki.

Auwal: Wato gwajin ya wanke mai laifi, ya kama marar laifi.

Kawu: Haka nan ne. Kuma kar a ce 201 banza ne, yana da wurinsa. A falo, a jikin matakala, inda babu gishiri babu jiƙa, sai ya shekara yana walƙiya. Kicin ne ba gidansa ba.

Auwal: Ni da na ɗan leƙa tarihin abin, dariya ya ba ni. Wani Bature ne a Shafil ta Ingila, Harry Brearley, a 1913, yana neman ƙarfen da bakin bindiga ba zai riƙa cinyewa ba, sai ya faɗa kan wanda ba ya tsatsa. Garin kuma dama garin maƙeran wuƙa da cokali ne, daga baya suka karɓe shi.

Bilki: To ni yanzu ba Shafil zan je ba. In mayen ƙarfe ba shaida ba ne, da me zan gane?

Kawu: Abu na farko, ki ce a juya miki fallen. Sabon falle yakan zo da leda manne a fuska ɗaya, bayansa kuma da rubutun kamfani a jere, da lamba da kauri. In kin ga 304 a buge, kin sami abin kamawa. Akwai kuma wani ruwan gwaji a 'yar kwalba da masu sayen tsohon ƙarfe suke ɗigawa, launinsa ya nuna musu ko mai manganis ne. Amma ni abin da na fi yarda da shi, kar ki je wajen masu yin ƙarfen baranda da ƙofofi. Ki nemi mai ƙera wa gidajen burodi da asibiti da otal kayan aiki. Shi in ya yi ha'inci kayan za su dawo masa, saboda haka ya san inda yake sari.

Auwal: A Kaduna Fanteka za a ce maka.

Kawu: Fanteka kam babu abin da ba a ƙerawa. Kuma akwai wata fa'ida a zuwa wajensu. Cikakken falle ƙafa 4 ne a ƙafa 8. Ke Bilki ko kashi ɗaya cikin huɗu ba za ki ci ba. Me za ki yi da sauran, ki jingina a bayan ɗaki? Su kuwa kullum suna da ragowar yanka a lungun shago, su ma neman kai suke da shi.

Bilki: Ni kuwa wancan da na saya, ban da tsatsa, in na danna fulawa sai ya yi "ɓam", in na ɗaga hannu ya sake yin "ɓam". Kamar ana taka murfin gwangwani. Har yarana suka mai da shi ganga.

Kawu: To nan ne ma ainihin maganar, ta fi ta lamba muhimmanci. Nawa ne kaurinsa?

Bilki: Ban tambaya ba. Sheƙi na kalla.

Kawu: Na sani. Na saman teburi, ki nemi milimita 1.2, in aljihu ya yarda 1.5. Masu sayarwa wani lokaci da geji suke magana, 1.2 shi ne wajen geji 18, 1.5 kuma geji 16. A kula, lambar geji in ta hau kaurin sauka yake. Na ga wanda ya dage sai an ba shi geji 22 yana ganin ya fi 18 ƙarfi. In kuma kina shakkar abin da aka faɗa miki, sikeli ba ya ƙarya. Cikakken falle na 1.2 yana kai kusan kilo 28. Yankin teburinki da gefensa zai ɗan haura kilo 6. In kin ɗaga kin ji shi sakayau kamar faranti, an rage.

Auwal: Amma Kawu, ko mai kaurin ne, a kan me zai zauna? Ai firam ɗin katako ne, tsakiyarsa rami.

Kawu: Madalla da tambaya. Silbar riga ce kawai, jikin filawud ne. A yanka filawud mai kaurin milimita 18 daidai girman saman, a ɗauke shi a kai wa mai lanƙwasa. Kar a kai masa awo a takarda, katakon kansa za a dire masa. Shi zai ƙara santimita 4 ko 5 ta kowane gefe, ya lanƙwasa ƙasa kamar murfin akwati, ya sake mai da bakin ciki don kar ya yanki hannu. Kusurwoyi huɗun a like su da waldar agon, a goge su yi sumul. Sai a shafa gam irin na kafintoci a jikin katako da cikin ƙarfen, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa, a ɗora buhun siminti ko jarkokin ruwa su kwana a kai. Ɗaurewa da firam kuma ta ƙasa ake yi, ta cikin katakon.

Bilki: Kafintana ƙusa ya buga ta sama, guda shida.

Kawu: Innalillahi. Ƙusar baƙin ƙarfe?

Bilki: Irin ta rufin kwano.

Kawu: To ai ko 304 ne sai ya yi ja a wurin. Baƙin ƙarfe in ya goge jikin silba yana barin ɓurɓushi, ɓurɓushin ne ke fara tsatsa ya ci fatar nan. Shi ya sa nake faɗa da yarana a shago, faifan gurinda da aka yanka rodi da shi ba ya taɓa silba. Ke ma a gida, soson ƙarfe na wanke tukunya kar ya hau teburin.

Auwal: Bilki ta sunkuyar da kai, masu sauraro.

Bilki: Da shi nake dirzawa duk Juma'a. Har da Hypo nake zubawa in bar shi ya jiƙa.

Kawu: Kin haɗa masa maƙiyansa biyu ke nan. Bilic da gishiri duk kulorin ne a cikinsu, shi ne ke huda silba ƙananan ramuka. Ruwan sabulu da tsumma sun isa, ki bi layin gogen ƙarfen, ki tsane. Kuma tunda za ki sake saye, ki bar mai kamar madubin nan. Ki ɗauki mai dishi-dishi, mai siraran layuka. Na madubi rana ɗaya zai nuna kowane karce da kowane yatsa.

Auwal: Ni akwai hanyar da na gani a gidan yayata. Tsohon sinki ta samu wajen 'yan gwangwan, mai faffadan gefen nan na kife kwanuka, aka yanke kwarmin aka ɗora sauran.

Kawu: Dabara ce, kuma sinki na da yawanci ƙarfensa mai kyau ne. Illarsa gefen yana da tudu-tudu na zirarar ruwa, ba za ka murza fulawa a kai ba. In za a bi ta kayan hannu, tsohon teburin gidan abinci ya fi. Sai dai a nan gara a sake awo: ka fara samun saman, sannan kafinta ya gina ƙafafu daidai da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fallen kwanon rufi ko na yin bokiti. Wannan tutiya aka shafa masa, tsami yana cin ta, ba a aikin abinci a kai. Sanholo kuma laushi gare shi, ruwan tsamiya da tumatir suna dusashe shi.

Bilki: Tukunya mai zafi fa? Ni dalilin da ya sa na so ƙarfe ke nan, in sauke daga wuta in dire.

Kawu: Ƙarfen ba zai ƙone ba, amma gam ɗin da ke ƙasa zai saki, wurin ya kumbura. Ki ajiye ɗan katako ko gammo na dire tukunya. Yanka ma a kan katako, in ba haka ba kullum kina hanyar mai wasa wuƙa.

Auwal: To Bilki, yaushe za a koma kasuwa?

Bilki: Asabar in Allah ya kai mu. Kawu, da kai za mu, kai za ka yi cinikin.

Kawu: Zan je, amma ki sa kafintan ya cire ƙusoshin nan tukuna, ki taho da filawud ɗin a Keke Napep. Mayen ƙarfen kuma ki mayar wa firji abinsa.