Neman kakan kaka a takardun ƙidaya

Hajiya: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya saƙonni ke ta shigowa kan maganar tono asali. Malam, takardun ƙidaya ake ta tambaya.

Malam: To, a fara da sanin cewa gwamnati ba ta sakin sunaye da wuri. Alƙaluma kam za ka gani, amma takardar da ke ɗauke da sunan mutum, shekarunsa, sana'arsa da waɗanda suke gida ɗaya, kulle ta ake yi. A Amurka shekara 72, shi ya sa sai a 2022 aka buɗe ta 1950. Ingila kuwa shekara 100 cur.

Auta: Wato sai masu sunan sun kwanta dama.

Malam: Kusan haka. Ga kuma gobara. Ta Amurka ta 1890 wuta ta cinye mafi yawanta a 1921. Ta Ingila ta 1931 ta ƙone a 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana a yi. Kana bin sawun mutum tiryan-tiryan, sai ya ɓace maka shekara ashirin ko talatin.

Hajiya: Amma wadda ta tsira ai gaskiya ce, tunda a rubuce take.

Malam: A'a, Hajiya, nan ake yaudarar kai. Malamin ƙidaya abin da aka faɗa masa a bakin ƙofa yake rubutawa, yadda kunnensa ya ji. Suna ɗaya sai ka same shi da rubutu iri uku. Shekaru kuwa, a ƙidayar Ingila ta 1841 umarni aka bayar a rage na duk wanda ya haura 15, a mayar biyar-biyar. Mai 29 sai ya koma 25.

Auta: Ashe Hajiya doka take bi!

Hajiya: Auta, ka kiyaye ni.

Auta: Yaya, tun ina firamare kike talatin da biyar.

Hajiya: Kai da ka rage uku a takardar neman aiki fa?

Auta: Wannan gyara ne, ba ragi ba.

Malam: Ku biyun nan jikokinku za su sha wuya. Za su ga ƙidaya biyu, tsakani shekara goma, Hajiya ta ƙaru da huɗu.

Hajiya: Da biyu dai, Malam, kada ka yi min ƙari.

Auta: Ta uku kuma su tarar na girme ta.

Malam: To, ya isa. Abin da nake son kaiwa gare shi, ku dubi baƙaƙen fatan Amurka. A 1850 da 1860 ba a rubuta sunan bawa, sai shekaru da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan ubangidansa. Sai a 1870 yawancinsu suka fito da sunayensu. Daga nan zuwa baya, abin da tsofaffi suka riƙe a ka shi ke buɗe hanya. Don haka kafin ka shiga shafukan intanet na binciken asali irin su FamilySearch ko Ancestry, zauna da tsohuwar gidanku, kunna rikoda a waya. Kada ka tambaye ta shekara, ba za ta tuna ba. Tambaye ta wa ke bin wa, wa ya auri wa, me ya faru lokacin da suka yi ƙaura. Sunayen 'yan'uwan kakanka su za su tabbatar maka gidan da ka gani a takarda naku ne, ba na mai irin sunansa ba.

Auta: In ta ce mu jikokin sarki ne fa?

Malam: Kowa haka kakarsa ke cewa. Rubuta, ka sa sunan wanda ya faɗa maka, sannan ka nemi hujja.

Hajiya: Mun yi niyyar bayanin yadda ake jera salsala a takarda, ga shi ana ɗaga mana hannu lokaci ya ƙure.

Malam: Minti ɗaya, akwai maganar mata da sunan miji...

Hajiya: Sai mako mai zuwa, Malam. Mu kwana nan.