Tina Turner: Me Ya Sa Ta Bar Dukiya Ta Riƙe Suna?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun bayan rasuwar mawaƙiyar Amurka Tina Turner a 2023 gajerun bidiyo game da ita ba su daina yawo a wayoyinmu ba, kuma kusan dukkansu labari ɗaya suke bayarwa cikin daƙiƙa talatin: mijinta yana dukanta, ta gudu, a kotu ta ce ba ta son komai sai sunanta, sai ga ta a gaban dubban mutane tana waƙa. Wanda ya kalla zai ɗauka zuciya ce ta ɗebe ta ta yi watsi da dukiya, daga nan arziki ya biyo ta da gudu. Wasu ma cewa suke yi wauta ta yi, ina amfanin suna ga wadda ba ta da na cefane? Tsakanin daren da ta gudu da ranar da waƙarta ta hau matsayi na ɗaya a Amurka akwai shekara takwas, kuma a can za mu daɗe yau. Sauran za mu bi ta kansu da sauri.

Wannan gonar auduga da kuke gani a jihar Tennessee take, kusa da ƙauyen Nutbush, inda ta tashi. An haife ta ranar 26 ga Nuwamba 1939, sunanta na yanka Anna Mae Bullock. Ta tsinci auduga tana yarinya, ta yi waƙa a coci. Tana da shekara 11 mahaifiyarta ta bar gida, sai ta koma hannun kaka. Da kakar ta rasu, tana da shekara 16, ta bi mahaifiyarta zuwa birnin St. Louis. A can ne ta fara zuwa kallon wani makaɗi mai suna Ike Turner da ƙungiyarsa, Kings of Rhythm. Wata rana a 1957, ana hutun rabin lokaci, aka miƙa mata makirufo. Ku ɗan saurari muryar, ba sai na yi bayani ba.

To, ku riƙe wannan da kyau, domin a nan aka ƙulla abin da za a kwance bayan shekaru. Kafin ya haɗu da ita, Ike ya taɓa ƙonewa. A 1951 shi da yaransa sun naɗi waƙar Rocket 88 a Memphis, wadda masana da yawa ke lissafa ta cikin waƙoƙin farko na kiɗan rok. Da faifan ya fito, sunan Jackie Brenston aka buga a kai, wato yaronsa da ya rera ta. Waƙar ta karɓu, Brenston ya kama gabansa, Ike ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1960 ya rubuta wata waƙa, A Fool in Love, domin wani mawaƙi namiji. Ranar naɗa mawaƙin bai zo ba, kuɗin situdiyo kuma an riga an biya, sai Anna Mae ta rera. Mai kamfanin Sue Records a New York ya ji, ya ce wannan muryar za a bari, kuma a sa yarinyar a gaba.

Sai Ike ya ƙirƙiro mata suna, Tina Turner, ya kuma yi masa rajista a matsayin tambarin kasuwancinsa. Lissafinsa a fili yake: in wannan ma ta tafi kamar na baya, zai samo wata yarinya ya tsayar da ita a dandamali da sunan. A lokacin ko aure ba su yi ba, sai 1962 aka ɗaura a Tijuana ta ƙasar Meziko. Ke nan sunan da duniya ta san ta da shi ba mahaifinta ne ya raɗa mata ba, kuma ba ta hanyar aure ta fara samun sa ba. Kadara ce a hannun wani, kamar motar da ke ɗaukar kayan kiɗa.

Shekara goma sha shida da suka biyo baya, hotuna za su fi ni bayani. Ga ta da 'yan amshinta, Ikettes, ku dubi ƙafafun nan, rawa ce ta mai guje-guje, ga waƙa a lokaci guda kuma numfashi bai yanke ba. A 1966 suka bi ƙungiyar mawaƙan rok ta Rolling Stones rangadi a Ingila, suka sake bin su a Amurka a 1969. A 1971 waƙarsu Proud Mary ta kai matsayi na huɗu a Amurka, ta kawo musu Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta ƙasar. Wannan kuma Accra ce, ranar 6 ga Maris 1971, bikin ranar 'yancin Ghana, a babban wasan nan na Soul to Soul tare da su Wilson Pickett da Santana. 'Yan'uwanmu na zangon Accra, ku tambayi dattawan gida, da wuya a rasa wanda ya ji labarin daren nan. A 1973 ta rubuta waƙa da kanta a kan ƙauyensu, Nutbush City Limits.

Bayan labule kuwa, abin da ta bayar da labari daga baya ba shi da daɗin ji: duka da ƙarfen rataye kaya, karyewar muƙamuƙi, hawa dandamali da kumburarriyar fuska an lulluɓe da hoda. A 1968 har ta yi yunƙurin hallaka kanta. Kuɗin da ake samu kuma a hannun Ike suke. Ba zan tsawaita a nan ba, ba kuma zan sa hotunan da wasu ke sakawa don neman masu kallo ba.

Ranar 1 ga Yuli 1976 suka sauka a Dallas don fara rangadi. A mota, kan hanyar otal, faɗa ya kaure, wannan karon ta rama. Da suka isa ɗaki ya yi barci, sai ta sulale, ta tsallaka babban titi da ƙafa, ta shiga otal ɗin Ramada Inn da jini a rigarta. Abin da ke hannunta santi 36 ne da katin shan mai. Manajan otal ɗin ya ba ta ɗaki. Shekarunta 36 a lokacin.

A nan gajerun bidiyon suke yin tsalle. Mu kuwa a nan za mu zauna.

Abin da mutane ba sa lura da shi, ba gidan aure kaɗai ta bari ba, ta bar wurin aiki ne a tsakiyar kwangila. An riga an kama dakunan wasa, an buga talla, an sayar da tikiti, duk da sunan Ike da Tina Turner. Ba Tina, ba wasa. Masu shirya wasannin da suka yi asara sai suka fara shigar da ƙara. Ranar 27 ga Yuli ta nemi a raba auren, aka yi ta jan shari'a har 29 ga Maris 1978. A ƙarshe ta bar masa kasonta na situdiyon Bolic Sound da suka gina a California, da kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙi, da gidaje da filaye. Ta ɗauki nauyin bashin wasannin da aka soke, har da bashin harajin gwamnati. Masu cewa ta fita da suna kaɗai sun ɗan yi ƙari, domin ta riƙe motoci biyu ƙirar Jaguar, da kayan ado, da ladan waƙoƙin da ta rubuta da hannunta. Amma in aka ɗora waɗannan a sikeli ɗaya, bashin a ɗaya, ba daga sifili ta fara ba. Daga ƙasa da sifili ta fara.

Me ya sa ta yarda da wannan ciniki? A ganina ba zuciya ba ce, lissafi ne na wadda ta san sana'arta. Ku ɗauka mace ce mai tuwo a bakin tasha, ta shekara goma sha shida tana tuƙi, direbobi daga ko'ina suna neman rumfarta da sunanta, amma allon da ke ƙofar da takardar rumfar na maigida ne. Ranar rabuwa, in ta kwashe tukwane ta bar allon, gobe zai zaunar da wata a gindin murhu, baƙi su ci gaba da shigowa. In ta ɗauki allon, ko a ƙarƙashin bishiya ta kafa murhu za a same ta. Babu mai shirya wasa a Amurka da zai biya kuɗi don Anna Mae Bullock, ba wanda ya san ta. Tina Turner kuwa za ta iya cika ɗakin otal ko da babu sabuwar waƙa. Da sunan za ta samu aiki, da aikin za ta biya bashi. Sannan kowane wata da shari'ar ta ƙara, wata ne da take ɗaure da mutumin da take tsoro, ga kuɗin lauyoyi. Jayayya a kan situdiyo tana iya cin shekaru. Sai ta sayi lokacinta da dukiyar.

Daga nan hotuna sun yi ƙaranci, don ba mai bin wanda tauraronsa ya dushe da kyamara, sai ku yi haƙuri da muryata. Ta zauna a gidajen ƙawaye, tana yi musu share-share a madadin kuɗin haya. Ta karɓi takardun tallafin abinci na gwamnati, irin wanda ake ba marasa ƙarfi, ga yara maza huɗu da ta raina, biyu nata, biyu na Ike. Duk shirin talabijin da ya kira ta tana zuwa, har na kacici-kacici. Ta yi wasa a otal-otal na Las Vegas da tarukan kamfanoni, inda mutane ke cin abinci tana waƙa. Ta fitar da kundi a 1978, ta fitar da wani a 1979, duka ba su yi kasuwa ba, kamfanin ya sallame ta. A 1979 ɗin ta je Afirka ta Kudu ta yi wasa a zamanin mulkin wariyar launin fata, lokacin da ake kira ga mawaƙa su ƙaurace wa ƙasar. Wannan kuskure ne, ba zan rufe shi ba don ina ƙaunarta, ita ma daga baya ta ce ta yi nadama.

Akwai kuma katanga ta biyu da ba a cika faɗa ba. Ita rok take so ta yi, ta cika filin ƙwallo kamar su Mick Jagger na Rolling Stones. Kamfanonin waƙa na Amurka a wancan zamani sun raba kasuwa da launi: baƙar fata ga layinsu, rok na samari farare ne masu jita. Mace, baƙa, ta haura arba'in, ana yi mata kallon tsohon yayi. Abin yana ba ni haushi har yau, domin kiɗan nan daga hannun baƙaƙen Amurka ya fito, kuma samarin da ake yi wa layi da yawansu a wurinta suka ga yadda ake riƙe dandamali.

A 1979 wani matashi ɗan Ostireliya, Roger Davies, ya karɓi aikin manajanta. Ya sauya makaɗa, aka ajiye salon otal, ya kai ta gidan rawa na Ritz a New York a 1981. Mawaƙi Rod Stewart ya gan ta, ya gayyace ta talabijin. Rolling Stones suka ba ta buɗe wasansu. A ƙarshen shekarar ne ta fara faɗa wa duniya abin da ya faru a aurenta, a hira da mujallar People, saboda ta gaji da tambayar ina Ike. Amma ƙofar gaske a Ingila ta buɗe. A 1983 ta sake rera Let's Stay Together ta Al Green tare da wasu matasan makaɗa na can, waƙar ta kai ta shida a Birtaniya. Sai a lokacin kamfanin Capitol ya amince da cikakken kundi, aka naɗe shi a Ingila cikin 'yan makonni.

Ga wani abin dariya: waƙar da ta fi kowace ɗaga ta, What's Love Got to Do with It, da aka fara kunna mata ba ta so ta ba sam, ta ga ta yi sanyi da yawa. Sai da manajan ya lallaɓa ta ta je ta ga wanda ya rubuta ta, ta juya ta da irin tata muryar. Ranar 1 ga Satumba 1984 ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Tina tana da shekara 44, kuma a lokacin babu macen da ta taɓa hawa wurin ita kaɗai da yawan shekaru haka. Kundin Private Dancer ya sayar da kwafi fiye da miliyan 10, ta tafi gida da Grammy uku a 1985.

Daga nan kun san sauran, ku sha kallo. Ga ta a fim ɗin Mad Max a 1985. Ga ta da Jagger a wasan Live Aid. Wannan tekun na mutane filin Maracanã ne a Rio ta Birazil, Janairun 1988, kimanin mutum 180,000 da suka sayi tikiti, har aka shigar da shi kundin Guinness. A 1986 ta haɗu da Erwin Bach, Bajamushe ma'aikacin kamfanin waƙa, suka koma Suwizalan a 1995, suka yi aure a 2013, shekarar da ta zama 'yar ƙasar. Da ƙodarta ta gaza, shi ya ba ta tasa ɗaya a 2017. Rangadinta na ƙarshe ya ƙare a 2009, tana dab da cika saba'in.

A 2021 kamfanin BMG ya sayi haƙƙin waƙoƙinta, kuma cikin abin da aka rubuta a yarjejeniyar har da suna da hoto, ita ce kuma ta sa hannu a matsayin mai shi. A shekarar ne aka shigar da ita zauren girmama gwarazan rok ita kaɗai. Karon farko, a 1991, tare da Ike aka shigar da su, kuma shekara talatin ɗin da aka ɗauka kafin a gyara wannan sun yi yawa ƙwarai. Ta rasu ranar 24 ga Mayu 2023 a gidanta da ke Küsnacht, kusa da Zurich, tana da shekara 83.